Tsimi, tattali ko adanawa: wace kalma za mu sa a littafin yara?

Malaman firamare da masu rubuta wa yara labarai, ku matso mu yanke wa wata kalma hukunci. Turawa kan ce "energy saving" ko "energy conservation" idan ana nufin mutum ya daina ƙona wuta ba gaira ba dalili. To idan za a yi ɗan littafin labari mai hotuna don 'yan aji uku su tashi da wannan ɗabi'a, me za a rubuta a bangonsa?

Rabin farko, wato "energy", ba gardama. Makamashi ya riga ya zauna, gidajen rediyo sun daɗe suna kiran fetur da iskar gas da gawayi da lantarki da shi. Kuzari na jikin mutum ne, a bar shi can.

Na ga wasu sun rubuta "ceton makamashi". Wannan kam a ajiye shi gefe. Wanda ya faɗa rijiya ake ceto, kuma yaro mai wayo zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya kama makamashin?"

"Adana makamashi" ya fi yawo, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Adanawa ita ce a ajiye abu a wuri mai kyau don a dawo a ɗauka. Yaron da ya kashe fanka zai fita daga ɗaki bai ajiye komai a ko'ina ba, ya dai rage abin da injin samar da wuta zai ƙona ne. Mai adana wuta na gaskiya shi ne batir. Ranar da labarin ya kai ga farantin sola da ke cika batir da rana don a yi amfani da shi da dare, wace kalma za ta rage mana idan mun riga mun ɓatar da wannan? Akwai ma wani tarko a gaba: a sakandare yaran nan za su haɗu da dokar kimiyya mai cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa kuma ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Da Turanci kalma guda ce, "conservation", ta ɗauki ma'anonin biyu. Mu ba dole mu gaji wannan ruɗani ba, waccan a kira ta dawwamar makamashi.

Saura tattali da tsimi. Tattali kalma ce mai daɗi, sai dai da an ce "tattalin" kunne ya riga ya tafi ga "arziki". Ni dai ƙuri'ata tana kan tsimin makamashi. Tsimi shi ne amfani da abu daidai buƙata don kada ya tafi a banza, kuma ba baƙuwar kalma ba ce, tun da daɗewa ake cewa tsimi da tanadi.

Na san za a ce tsimi ya yi kusa da rowa. Ai nan ne labari ya fi allo amfani. A shafi ɗaya a zana yarinya tana aikin gida, fitila a kunne, ba wanda ya hana ta. A shafi na gaba ta rufe littafi, ta kai bakin ƙofa, ta juyo ta danna makunni. Ƙaninta ya ce, "Yaya, me ya sa kika kashe?" Ta ce, "Wa take haska wa?" Marowaci a duhu zai sa ta yi karatun. Yaro zai gane bambancin ba tare da an yi masa bayani ba, kuma kalmar ba sai ta fito daga bakin yarinyar ba, ta tsaya a bango da bakin malami.

Kada kuma a cakuɗa tsimi da abin da suke kira "efficiency". Tsimi halin mutum ne, wancan kuwa halin na'ura ne. Tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60 kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ja zafi take zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. Ƙwan LED na wat 9 zai ba da kusan hasken nan. A awa 5, in an ninka wat da awa, wancan ya sha wat-awa 300, wannan 45, lissafin da ɗan aji uku zai yi da kansa a shafin ƙarshe. Mutane sun riga sun ba abin suna: "ba ya cin wuta". Sai mu ce ƙarancin cin wuta, ba sai mun ƙirƙiro wata ba.

Wadda har yanzu ban samu bakin zarenta ba ita ce wutar da talabijin ke ci gaba da ja bayan an kashe shi da rimot, muddin filoginsa na cikin soket. "Satar wuta" ba za ta yi ba, tana da tata ma'anar. Na rubuta "shan wuta a ɓoye" da fensir. Malamai, wanda ke da wadda ta fi ta zama a bakin yaro ya kawo.