Suwais daban, Hurmuz daban: wane suna za mu ba ruwan da mutane suka haƙa?

1/ Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, bari in faɗi yadda aka yi. Ƙanwata da ke aikin jinya a Jidda ta yankar mana tikitin jirgin ruwa na yawon buɗe ido, wanda zai haura Bahar Maliya, ya ratsa Suwais, ya faɗa Bahar Rum. Tun daga lokacin na samo littafin tarihin wurin, mako uku ke nan ina bin sa bayan isha'i. Abin da Bature da Bafaranshe ke kira canal, Balarabe ya ce ƙanat, shi ne har yau ban sami sunansa na Hausa da ya kwanta mini a rai ba.

2/ Ranar Juma'a na je gaida Baba. Shi maginin rijiya ne, sana'ar da ya yi har ƙarfi ya ƙare, tafin hannunsa har yanzu kamar ƙirgi. Na ce masa, "Baba, ku sa mana albarka, za mu bi ta mashigin Suwais," yadda nake ji a rediyo. Ya ce, "Mashigi? Da ƙafa ake ƙetarewa ko fito ake yi?" A wurinsa mashigi shi ne inda ruwan kogi ya yi sauƙi, shanu da masu jakuna suke tsallakewa. Na ce a'a, hamada ce aka tsaga, tafiyar fiye da kilomita 160, aka haɗa teku biyu. Ya ajiye carbinsa a kan buzu, ya dube ni. "Su wa suka haƙa? Da me suka kwashe ƙasar?"

Kalmar da na ba shi ba ta gaya masa an yi haƙa ba sam. Sai da na yi bayani. A nan na gane inda gizo ke saƙa.

3/ Ga amsar tambayar Baba, kamar yadda na karanta. A 1854 Sa'idu Basha, mai mulkin Masar, ya ba wani Bafaranshe, Ferdinand de Lesseps, izinin aikin, a kan kamfaninsa zai riƙe wurin shekara 99 daga ranar buɗewa. An sara ƙasa ta farko ranar 25 ga Afrilu, 1859, a bakin Bahar Rum, inda yanzu garin Bur Sa'id yake. Masu haƙar kuwa talakawan ƙauye ne, manoman bakin Nilu, da ake ɗebowa bisa tilas, kimanin mutum 20,000 kowane wata, a sallami waɗannan a kawo waɗansu. Larabawa suna kiran wannan tsari sukhra. Mu ba sai mun wahala wajen fassara shi ba, kakanninmu sun san ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

A littafin akwai wani zane da na daɗe ina kallo. Mutane a jere a kan gangaren yashi, babu takalmi, kowa da kwando a kafaɗa, na ƙasa yana cikawa da fatanya, na sama yana juyewa. Can gefe raƙuma ɗauke da tankunan ruwa, domin babu ruwan sha a wurin. Sai da aka haƙa wata hanya daban aka janyo ruwan Nilu, wadda ba ta isa garin Suwais ba sai ƙarshen 1863. Na nuna wa Baba zanen a waya, ya ce, "Yashi ne ko? Yashi ba ya riƙe baki. Ka haƙa da safe, da yamma ya koma." Shi abin da ya gani ke nan.

4/ Da Isma'ila Basha ya hau mulkin Masar a 1863 ya nemi a daina aikin tilas. Kamfani ya ce an karya alkawari, aka kai magana gaban Napoleon na Uku, sarkin Faransa, wato sarkin ƙasar masu kamfanin. A 1864 ya yanke wa Masar biyan diyyar faran miliyan 84 a kan wannan da wasu batutuwan filaye. Ku duba fa, an ci gumin 'ya'yanka, ka ce a daina, a ce kai ne da biya. Daga nan aka shigo da manyan injinan yasa, su suka kwashe mafi yawan ƙasar da ta rage. Kwalara ta ɓarke a 1865. Aka buɗe ranar 17 ga Nuwamba, 1869, da gagarumin biki, matar sarkin Faransa a jirgin gaba. Haƙa ta cim ma ruwa, amma bashi ya ci Masar. A 1875 Isma'ila ya sayar wa Ingila hannun jarin ƙasarsa na kamfanin a kan fam miliyan 4, a 1882 kuma sojan Ingila suka shigo suka zauna.

Ranar 26 ga Yuli, 1956, a Iskandariyya, shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya ƙwace kamfanin ya mayar da shi na ƙasa. A jawabin ya ce Misirawa 120,000 ne suka mutu wajen haƙar. Masana tarihi suna jayayya a kan adadin, amma hujjar da ya kafa ita ce wadda ta shafi neman kalmarmu: mu muka haƙa, saboda haka namu ne. A kan haka Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar yaƙi a ƙarshen shekarar.

5/ Yanzu ku saurari labaran duniya da Hausa. Za ku ji mashigin Hurmuz, mashigin Babul Mandab, mashigin Suwais, duk suna ɗaya. Biyun farko halittar Allah ne, teku ce ta matse tsakanin ƙasa biyu. Na ukun aikin hannu ne, yana da masu shi, ana biyan kuɗi kafin a wuce. Wanda ke sauraro a shago ko a majalisa ba shi da yadda zai bambance. Alhali Hausa ba ta saba yin sakaci da wannan bambanci ba. Muna da tafki, muna da kududdufi, wanda ramin ɗibar ƙasar gini ne ruwa ya tarar. Muna da marmaro, muna da rijiya. Bahaushe ya daɗe yana raba abin da ya tarar da abin da ya haƙa.

6/ Ga waɗanda aka ba ni shawara da su zuwa yanzu.

Magudanar ruwa. Wannan na ƙi ta kai tsaye. Da ka faɗe ta, kwata da lambatu ke zuwa wa mutum. Kuma magudana tana gangara ne daga sama zuwa ƙasa, Suwais kuwa ba gangara take ba, tekunan biyu kusan tsayinsu ɗaya, shi ya sa ma ba a yi mata ƙofofin ɗaga jirgi irin na Panama ba.

Hanyar ruwa ta yi faɗi, har Kwara da Binuwai sun shiga. Ziri kuma Gaza ta riga ta riƙe shi, kunne ya saba da shi a kan ƙasa.

7/ Wani abokina manomin tumatir a Kadawa ya ce, "Malam, me ya kawo wahala? Mu kanal muke cewa." Gaskiyarsa. Ruwan da ke zuwa musu daga dam ɗin Tiga a kanal yake zuwa, yaro da babba haka suke faɗa, ba kuma zan je gonar mutum in canja masa kalma ba. Aro ba laifi ba ne, da shi muka sami mota da asibiti. Damuwata ita ce kanal a kunnen Bakano abu ne da yara ke wanka a ciki, mata su yi wanki a bakinsa. Ka ce masa jirgi mai tsawon mita 400, Ever Given, ya gitta a kanal a watan Maris na 2021 har kwana shida duniya na jira, hoton ba zai zauna masa ba.

'Yan uwanmu na Sudan, musamman mutanen Mai Wurno da Jazira da suka yi noman auduga a can tun bayan gama dam ɗin Sennar a 1925, sun san kalmar tur'a a bakin Larabawan wurin. Ita ma ta ban ruwa ce. Ina so in ji daga gare ku ko ta shiga Hausarku ta gida.

Larabawan farko ma wata kalma suka yi amfani da ita. A zamanin Sayyadina Umar, Amru ɗan Asi ya sa aka yashe tsohuwar hanyar da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya don a kai hatsi Hijaz, aka kira ta Khaliju Amiril Muminina. Halifa Mansur na Abbasiyawa ya sa aka toshe ta a ƙarni na 8.

8/ Wadda ta fi burge ni ta fito daga bakin gwaggona: burtali. Da na kwatanta mata yadda ake wucewa, ta ce, "Ai burtali ke nan, ɗan nan." Wallahi ta hango abin. Burtali hanya ce matsattsa da mutane suka keɓe tsakanin gonaki, shanu su bi a jere. A Suwais ma jirage ba sa shiga yadda suka ga dama. Ayari ake haɗawa, ɗaya bayan ɗaya, ana tafiya a hankali, kowane jirgi sai an sa masa jagora ɗan Masar, a biya kuɗin fito. A tsakiya akwai babban tafki mai ruwan ɗaci, kamar zango. A nan ne jirage 14 suka maƙale daga yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, da aka rufe Suwais, har aka sake buɗewa a watan Yuni na 1975, shekara takwas, ƙurar hamada ta rufe su. Ayari, jagora, zango, fito: duk kalmomin fatake sun zauna daram. Na so in tsaya a kan burtali. Abin da ya hana ni shi ne ba haƙa shi ake yi ba, shinge ake masa, tambayar Baba kuwa tana nan ba amsa.

9/ Saboda haka ga inda na tsaya: haƙaƙƙen mashigi, jam'i haƙaƙƙun mashigai. Mashigi ya riga ya zauna a rediyo da jarida, kokawa da shi ɓata lokaci ne, kuma asalinsa daga shiga ne, jirgi ta nan yake shiga daga wannan teku zuwa waccan. Abin da ya rasa siffa ɗaya ce. Hurmuz da Babul Mandab su ci gaba da zama mashigin teku, na ban ruwa ya zauna a kanal ɗinsa. Na san wasu za su ce ta yi nauyi a baki. A faɗe ta cikakkiya a farkon labari, daga baya a ce mashigin kawai. Ku gwada: "Masar ta faɗaɗa haƙaƙƙen mashigin Suwais a 2015." "An buɗe haƙaƙƙen mashigin Panama a 1914." Ni dai harshena bai yi tuntuɓe ba.

10/ Jiya na koma wurin Baba na gwada ta a kansa ba tare da wani bayani ba. Na ce, "Baba, ta haƙaƙƙen mashigi za mu bi." Bai tambayi ƙafa ko kwalekwale ba. Cewa ya yi, "Gaba nawa ne zurfinsa?" Na ce mita 24 yanzu, amma da aka buɗe mita 8 ne. Ya lissafa da yatsu, ya ce ya sha haƙa rijiyar da ta fi haka zurfi, sai dai shi bai taɓa haƙa mai tsawon tafiyar kwanaki ba. Ya ce idan mun shiga in dubi bakin gaɓar da kyau, in zo in gaya masa da me suka ɗaure yashin.