Allurar gadon baya: waɗanda aka yi wa, ku ba mu labari

Tela, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina fama da ciwon da ke tasowa daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu, ya gangara gefen ƙafata ta hagu har babban yatsa, kamar an zura mini waya mai wuta. Zama a kan keken ɗinki ya gagare ni, salla ma a kujera nake yi. Na yi hoton MRI, dokta ya nuna mini faifan da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu ya tsage, abin da ke cikinsa ya ɓullo yana danne jijiya. Magungunan sha ba su yi ba. Yanzu ya ce a gwada allurar da suke kira efidural kafin a kai ga maganar tiyata.

Gida ya rabu biyu. Mma, mahaifiyata, ta ce duk wanda aka soka wa allura a gadon baya ba ya sake miƙewa. Mai ɗakina ta ce in je. Ni kuma ba "an ce" nake nema ba, wanda aka yi wa da jikinsa nake so ya faɗa mini yadda ake yi, da abin da ya biyo baya.

Makanike, Suame Magazin

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Sau biyu aka yi mini, bari in ba ka tun daga farko.

Giyabos na ɗaga ni kaɗai, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ciwo irin naka sak, amma a dama. Ranar allurar sun kwantar da ni rub da ciki, da matashi a ƙarƙashin mara, suka wanke bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurar farko ta kashe zafin fata ce, ita ce ma ta fi ciwo, kamar harbin zuma, nan da nan ta wuce. Sai suka jawo wata na'urar hoto mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, dokta yana kallon allo yana tura allurar a hankali. Ya fara zuba wani ruwa da ke fitowa a hoton don ya tabbatar bakin allurar yana inda yake so, sannan ya tura maganin. A nan na ji nauyi, ciwon nan nawa ya bi ƙafar har ƙasa na ɗan lokaci. Na ce masa "dokta ga shi nan", ya ce alama ce maganin ya isa wurin. Duka bai wuce minti 20 ba. Na huta kamar awa ɗaya, ƙafar ta yi nauyi, ƙanena ya mai da ni gida don sun hana ni tuƙi ranar.

Kada ka tsorata da kwana biyun farko. Da maganin kashe zafin ya sake ni, ciwon ya dawo har ya fi na da. Na ce kuɗina sun tafi. A kwana na biyar na tashi da asuba na taka har masallaci ban tsaya a hanya ba.

Ga inda na yi kuskure. Da na ji daɗin jikina, sati biyu kacal na koma ƙarƙashin mota, ina ɗaga abin da na saba ɗagawa. Wata biyu ciwon ya dawo. Da na koma, dokta ya faɗa mini magana da ban manta ba: allurar ba ta mayar da faifan mazauninsa, kumburin jijiyar kawai take kwantarwa. Bayan ta biyun na bi masu fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki na asibiti, na wata uku, na sayi jak da sarƙar ɗaga inji, yara na ba su aikin ƙarfi. Shekara ɗaya da rabi ke nan ban nemi ta uku ba.

Hajiya mai wake da shinkafa, Asawase

Ɗana, ka gaida Mma, ka ce mata ga wata tsohuwa an yi mata tana nan tana yawo da ƙafarta. Shekara talatin ina sunkuyo a kan tukunya, shi ya ja mini. Allurar ta yi mini aiki, alhamdu lillahi. Abin da nake so in ja kunnenka a kai shi ne sukari. Ina da ciwon sukari, maganin da ke cikin allurar kuma sitiroyid ne, mai kwantar da kumburi, yana tayar da shi. Nawa ya hau sosai kusan mako guda, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, fuskata tana zafi, barci ya ƙaurace mini dare biyu. Da yake na faɗa musu tun farko, sun ce in riƙa aunawa safe da yamma, suka gyara mini magani. In kana da shi, ko hawan jini, kada ka ɓoye.

Direban babbar mota, hanyar Kumasi zuwa Paga

Ni ba ta yi mini ba, gaskiya ɗaya ce. Sati biyu na ɗan ji dama, shi ke nan. Hoton da allurar duk daga aljihuna na biya, kuɗin sun fi abin da nake samu a tafiya uku.

Daga baya wani likitan ya tambaye ni ina ciwon yake. Na ce a tsakiyar baya, ba ya sauka ƙafa. Ya ce irin nawa ba kasafai allurar ke yi masa aiki ba, ta fi amfani ga wanda ciwonsa ke bin jijiya zuwa ƙafa. Da na ji haka tun farko da ban kashe kuɗina ba. Naka tela yana sauka ƙafa, wataƙila ka dace.

Abu ɗaya kuma, don Allah kada ciwo ya kai ka ga taramol na bakin tasha. Na sha don in iya riƙe sitiyari, barinsa ya fi mini ciwon bayan wuya.

Nas, Tafo Zango

Yaya tela, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗaga marasa lafiya ya sa ni ma na kwanta a gadon nan. Bari in fara da tsoron Mma, domin ba a banza take jin sa ba. Lakar da ke cikin gadon baya, a jikin babban mutum, tana ƙarewa wajen ƙashi na 1 ko na 2 na ƙugu. Inda za a yi maka yana ƙasa da nan. Kuma allurar ba ta shiga jakar da ke ɗauke da ruwan laka, a wajenta take tsayawa, a wani ɗan fili mai kitse. A filin nan ne ake sa wa masu naƙuda maganin rage zafi, maganin ne ya bambanta.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa, ko da yake da wuya ƙwarai, an samu waɗanda suka shanye ko suka makance bayan irin wannan allura. A 2012 kuma, a can Amurkan, gurɓataccen magani daga wani kamfani ya sa wa mutum sama da 700 cuta, fiye da 60 suka rasu. Shi ya sa wurin da za a yi maka da hannun da zai yi suke da muhimmanci. Ka tambaya ko da na'urar hoto za su yi. Kada ka yarda wani ya yi maka ita a bayan kanti ko a ɗaki, komai arha. In kana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko asfirin, ka faɗa kwanaki kafin ranar, kuma kada ka daina sha da kanka sai likita ya ce. In kana da zazzaɓi ko ƙurji a bayan, ɗage ranar ake yi.

Nawa abin da ya same ni ciwon kai ne. Bakin allurar ya ɗan huda jakar nan, ruwa ya riƙa tsiyaya. In na tashi zaune kaina kamar zai tsage, in na kwanta a miƙe sai ya lafa. Na yi kwana shida a kwance ina shan ruwa da kofi, ya tafi da kansa. Wanda nasa ya ƙi tafiya, akan ɗebi jininsa a zuba a wurin ya toshe hudar. Ƙafar kuwa ta yi sauƙi wata biyar, a cikinsu na ƙarfafa naman ciki da na baya. Ba a yawaita ta fa, galibi ba a wuce uku ko huɗu a shekara, don sitiroyid in ya yi yawa yana raunana ƙashi.

Malamin makarantar allo, Sawaba

Ni an ba ni shawarar allurar na ce a ba ni lokaci. Na fara zuwa wurin wani maɗori, ya danna bayan da gwiwa wai zai mayar da ƙashin, na kwana uku ban iya juyi ba. Ban ga laifin sana'arsu a karaya ba, amma wannan ba karaya ba ce. Ƙaho ma na yi, jiki ya saki na yini ɗaya kawai. Abin da ya taimake ni tafiya ce, kaɗan kaɗan bayan asuba da bayan la'asar, da barin zaman tabarma na tsawon sa'o'i. Cikin wata uku ciwon ya tafi. Likita ya ce mini da yawa haka suke warkewa, cikin sati 6 zuwa 12, jiki da kansa yake shanye abin da ya ɓullo. Me zai hana ka ƙara haƙuri?

Makanike, Suame Magazin

Allah gafarta Malam, wata huɗu fa ya yi, ya wuce lokacin da ka faɗa. Kuma mutumin da ba ya iya taka ƙafa ta yaya zai yi tafiyar bayan asuba? Ni sai da allurar ta kwantar da ciwon sannan na iya motsa jikin.

Matar aure, Alabar

Ku yi haƙuri in shigo da na maigidana, ni na yi jinyarsa. Yana jiran ranar allurarsa sai wata safiya fitsari ya ƙi fita, tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ƙafafu biyu suka yi sanyi. Kunya ta hana shi faɗa mini sai da azahar. Muka ɗauki pragya, keke mai ƙafa uku, zuwa asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, aka ce wannan ba na allura ba ne, tiyata ce ta gaggawa. Yana tafiya yanzu, da ɗan ɗingishi. Yaya, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko bayan gida yana zubo maka ba ka sani ba, ko ƙafar ta fara ja a ƙasa, kada ka jira gari ya waye.

Tela, Aboabo

'Yan uwa na dawo, Allah ya saka muku da alheri. Yau kwana 19 da yi mini. Na karanta wa Mma abin da Hajiya da Nas suka rubuta, ta yi shiru, ranar kuma ita ta raka ni tana jan carbi a bakin ƙofa. Na tambaye su na'urar hoto kamar yadda aka ce, da ita suka yi. Kwana ukun farko sun yi tsanani kamar yadda makanike ya faɗa. Yanzu wutar nan ta ƙafa ta ragu da fiye da rabi, babban yatsan dai har yanzu yana dindiris, bayan kuma yana riƙewa da safe. Jiya na yi ruku'u a tsaye, sujada ce ban kai ba tukuna.

Na fara fisiyo sau biyu a mako. Sun ce kada in wuce rabin awa a zaune ban miƙe ba, na sa ƙararrawa a waya. Yankan yadi a tsaye nake yi a kan tebur, na daina shimfiɗawa a ƙasa. Ɗinkunan biki guda bakwai da ke hannuna na raba wa abokan sana'a huɗu. Abin da ya rage mini keken ne, na ƙafa nake da shi, kuma taka shi yana tayar mini da ciwon. Wanda ya san inda zan sa masa injin lantarki da sauƙin kuɗi, a kasuwar Kejetiya ko Adum, ya taimaka ya nuna mini.