Na farfasa ɗaya da guduma, saura biyu: yaya zan buɗe su?

Zulai

Assalamu alaikum. Kawuna ya yi wasu shekaru yana aiki a Meziko, da zai dawo ya zo mini da duwatsu uku mulmulallu, kowanne ya ɗan fi dunƙulen hannu. Bayansu toka-toka ne mai kaushi, in a hanya ka gan su ko waiwaye ba za ka yi ba. Ya ce daga jihar Chihuahua suke, cikin tsohuwar tokar aman wuta ake haƙo su, can suna kiransu "kwakwa" saboda siffarsu.

Jiya na sa wa ɗaya guduma. Ya tarwatse gida bakwai. Da na ga cikinsa sai da gabana ya faɗi: zobe-zobe fari da ruwan toka, a tsakiya kuma ƴan haƙora masu ƙyalli, launin shunayya. Har yanzu abin yana cina, don da hannuna na ɓata shi. Saura biyu, ba na son in maimaita. Yaya zan san mai rami a ciki tun kafin in buɗe, kuma da me zan buɗe? Sannan akwai wani yankakken dutse irinsu da na saya tuntuni, shuɗi shar kamar tawada, gaskiya na fara zargin rina shi aka yi.

Baba Mai Zarto

Wa alaikumus salam ƴata. Kada ki zubar da gutsattsarin nan, da su za ki riƙa gwaji.

Ki auna kowanne a sikelin giram. Sai ki nutsa shi a kofi mai ma'auni, ki ga mililita nawa ruwan ya ƙaru, ki raba giram ɗin da mililitar. Kwaz, dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi wanda shi ne yawancin abin da ke ciki, lissafinsa 2.65 ne. In kin samu wajen 2.5, dutsen toshe yake ko kusa da haka. In kin samu 2 ko ƙasa, akwai fili. Girgizawa a kunne ba abin dogaro ba ne, sai in wani haƙori ya ɓalle a ciki za ki ji motsi.

Mai rami, abin da ya fi masa shi ne sarƙar da masu aikin famfo ke yanka bututun ƙarfe da ita. A zagaya masa ita, a matsa a hankali har ya ce ƙas, ya rabe biyu. In babu, ki ɗora shi kan yashi, ki bi cikinsa da kurfi kina ɗan bugu kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, har tsaga ta bi layin. Na taɓa yin rabin awa a kan guda ɗaya. Ki sa tabarau, ɓarɓashin kwaz kamar reza yake. Toshasshe kuwa, kada ƙarfe ya taɓa shi sai zarto mai bakin daimon.

Ni abin da ya riƙe ni shekara ashirin a harkar nan shi ne yadda ake karanta tarihin dutsen a cikinsa. Narkakken dutse yana fitowa da iska a jikinsa, in ya sandare kumfar ta zama rami. Daga baya ruwa mai ɗauke da silika, wato sinadarin da kwaz ya ƙunsa, ya yi ta tsattsafowa ciki yana shafe bango, shafi kan shafi. Zoben da kika gani ke nan, aƙiƙ. In fili ya ragu a tsakiya sai manyan haƙora su tsiro suna fuskantar juna. Shunayyar amatis ce: kwaz ne da ɗan ƙarfe a cikinsa, wani haske marar ganuwa (radiyeshin) da ke fitowa daga duwatsun kewaye ya juya masa launi a tsawon zamani. Saboda haka kada ki jera shi a bakin taga, hasken rana yana kashe launin sannu a hankali.

Injiniya Sadi

Baba ya gama magana kan buɗewa, sai dai zan ɗan saɓa masa a kan toshasshe. Hajiya, kada ki ɗauka shi ne na baya. A wurina ma shi ne gaba. Akwai irin da Amurkawa ke kira ƙwan aradu, yana samuwa cikin rayolait, narkakken dutse mai kauri da yawan silika. Jihar Oregon ta ɗauke shi a matsayin dutsenta tun 1965. Yawancinsu ba rami, amma in aka yanka sai ka ga tauraro a tsakiya cike da aƙiƙ ko opal, wani nau'in silika mai sheƙi. Wani lokaci akwai layuka miƙaƙƙu a kwance, inda silika ta kwanta kamar ruwa a kwano. Da su za ka gane yadda dutsen ya zauna a ƙasa shekaru miliyoyi. Ina da ɗaya mai layuka kashi biyu da suka karkace wa juna, wato ƙasar ta jirkice ana tsakiyar cika shi. Nakan daɗe ina kallonsa.

Roƙona ɗaya: kada a yanka ko a goge a bushe. Ƙurar silika tana zama a huhu, ba ta fita, kuma ciwon da take jawowa ba ya warkewa. Ruwa a kan zarto, takunkumi mai tace ƙura a fuska, a wanke laka tun ba ta bushe ba.

Maman Ilham

Ƴar'uwa, zancen shuɗin nan, zarginki na kan hanya. Yawancin yankakken aƙiƙ da ke yawo a duniya daga kudancin Barazil da Yurugwai yake, daga shimfiɗar basalt, baƙin dutsen aman wuta, da ta malala sama da shekara miliyan 130 da suka wuce. Da yawansa toka-toka ne, sai a rina. Ba yau aka fara ba: masu sassaƙa a garin Idar-Oberstein na Jamus sun ƙware a kai tun ƙarni na 19, suna jiƙa shi cikin ruwan sukari su bi da asid ya koma baƙi, shuɗi kuma da gishirin ƙarfe.

Ki ɗaga shi a haske. Aƙiƙ yana da ƙananan ƙofofi masu shan rini, haƙoran kwaz ba su da su. In launin ya taru a tsaga da ɓawon baya, haƙoran tsakiya kuma fari fat sai ɗan shuɗi a gindinsu, rini ne. Ki goga auduga da ruwan goge farce, wani rinin yana fita, amma rashin fitarsa ba shaida ba ce. Shuɗin gaske akwai shi, na Namibiya misali, sai dai mai sanyi ne kamar sararin safiya. Ni ban zubar da rinannuna ba, amma ba na haɗa su shiryayye ɗaya da sauran, kuma nakan rubuta a jikin katinsu. Ke ma ki rubuta wa naki inda suka fito tun kawunki bai manta ba.

Zulai

Allah ya saka muku da alheri. Na auna: ɗaya 1.9, ɗaya 2.5. Shuɗin kuma audugar ta fito da launi tun gogar farko.

Baba, na bi mai sauƙin da kurfi yau da safe. A zagaye na huɗu ya rabe, ɗan gefe kawai ya ɓalle. Babu shunayya, haƙoran launin hayaƙi ne, da wani farin ƙulli a zaune a kansu, da na ɗiga masa ruwan tsami ya ɗan yi kumfa. Shi kuma mene ne? Mai nauyin na naɗe shi na ajiye sai na samu mai zarto.

Baba Mai Zarto

Madalla ƴata. Kalsait ne, ɗan'uwan alli, bayan kwaz ya zo. Taurinsa 3 ne a ma'aunin Mohs, kwaz 7, don haka ko wuƙa tana karce shi. Ki ɗauraye ruwan tsamin yanzu, kada ki ƙara sa masa. Ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori sun isa.