Vitiligo da Hausa: muna da sunan tun tuni, mun ajiye shi a ɗakin da ba nasa ba

Jama'a, ku taimaka mini da kalma. An ba ni wata 'yar takardar wayar da kai in mayar da ita Hausa kafin 25 ga Yuni, ranar da ake tunawa da masu wannan larura ta fata da Turawa ke kira vitiligo. Layin farko ya tsayar da ni cak. Larurar dai duk mun san ta: mutum baƙi ko wankan tarwaɗa, sai fari fat ya fito masa a gefen baki, ko kewayen ido, ko kan yatsu, ya yi ta faɗi a hankali. Ba ƙaiƙayi sosai, ba ƙuraje, ba wari. Mene ne sunanta da Hausa?

Bari in fara faɗin abin da take, don kada mu raɗa suna ba mu ga jaririn ba. A cikin fatar kowa akwai ƙwayoyin halitta masu sarrafa sinadarin launi, wato melanin. A jikin mai wannan larura, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta kashe waɗannan ƙwayoyi a wasu wurare, sai wurin ya rasa launi. Gado yana da hannu a ciki, amma ba dole ne ɗan mai ita ya yi ta ba. Takan zo tare da wasu cututtukan garkuwar jiki, musamman na tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban wuya, shi ya sa likita kan sa a gwada jini. Wani lokaci farin kan tsiro daidai inda aka ƙone ko aka ƙuje. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita a duniya, kuma kusan rabinsu kafin su kai shekara 20 take fara musu. Ba a ɗaukarta. Ko kwano ɗaya kuke ci, ko gado ɗaya kuke kwana.

To, ga abin da aka turo mini zuwa yanzu.

Wani ƙanina ya ce a rubuta "bitiligo" kawai a huta, tunda haka muka yi da kwalara da taifot. Ƙanina, na ji ka, amma ita kwalara ta shiga bakin mutane da kanta. Je ka kasuwar Rimi ka ce wa wata gyatuma jikarta na da bitiligo, ka ga irin kallon da za ta yi maka. Aro yana da amfani in babu naka a gida.

Wata Hajiya ta ce a garinsu "farar kuturta" suke cewa. Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan sunan shi ne ainihin abin da takardar ke son ta kashe. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan ƙasar Norway, Hansen, ya gano a 1873. Tana cin jijiyoyi, tabonta yakan mutu har a taɓa shi da auduga mai shi bai ji ba, kuma ana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta. Farin da muke magana a kai kuwa yana ji sarai, ba ya gutsure yatsa ko ɗaya. Wanda aka kira kuturu a unguwa ya san abin da ke biyo baya: a ware masa kofi, a fasa auren 'yarsa. Wannan suna ba zai hau takardata ba.

An kawo kyasbi, an kawo makero. Dukansu wata ƙwayar cuta mai tsiro a kan fata ce ke kawo su, suna da ɓarɓashi in an kankare, kuma magani yana kawar da su. An kawo zabiya. Shi zabiya haka aka haife shi, jikinsa duka, har gashi da ido. Wani kuma ya ce "dabbare-dabbare". Siffar ta yi, amma kalmar ta fi kama da ta saniya ko akuya, kuma ina jin yadda yaran unguwa za su mayar da ita waƙar tsokana kafin la'asar.

Sai wani malami daga Damagaram ya turo mini kalma ɗaya tak: albaras.

Allah ya gafarta Malam, ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Kalmar tana nan a Hausa tun zuwan karatu, daga Larabci muka aro ta, tsofaffinmu sun san ta. Matsalarta ita ce mun daɗe muna kwantar da ita ɗaki ɗaya da kuturta. A wajen tafsiri, in aka zo ayar Annabi Isa, alaihis salam, a Ali Imrana, inda ya ce yana warkar da "al-akmaha wal-abrasa" da izinin Allah, sau da yawa "makaho da kuturu" muke ji, alhali abras shi ne mai baras, wato albaras. Amma ku duba addu'ar nan da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ke neman tsari daga baras da hauka da juzam. An ambaci baras daban, juzam daban. Juzam shi ne kuturta. Ku kuma tuna hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, mai baras da mai kora da makaho. Da mala'ika ya tambayi mai baras abin da ya fi so, launi mai kyau da fata mai kyau ya roƙa. Bai roƙi yatsu ba, launinsa ne ya tafi. Haka Uwaisul Ƙarni, a Sahihu Muslim an siffanta shi da cewa ya yi wannan farin ya warke, saura wuri kamar faɗin dirhami.

(Abin dariya, Larabawa suna kiran tsaka da suna mai ɗauke da kalmar abras, mu ma a nan ana cewa in ta faɗa abinci tana sa kuturta. Baiwar Allah tsaka ba ruwanta. Haka zancen cin kifi da shan nono, ba shi ke kawo farin ba.)

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ja hankalina, kuma maganarta tana da nauyi. Ta ce: Yaya, albaras ba kalma ce mai sauƙin ɗauka ba. Duk wanda ya karanta babin aure a Risala ya san an lissafa baras tare da hauka da kuturta cikin aibobin da ake iya mayar da aure saboda su. In ka rubuta wa budurwa albaras a katin asibiti, ka ba dangin miji makami. Ta fi son a ƙirƙiro sabuwa mai tsabta, ta kawo "zubewar launin fata".

Na daɗe ina juya wannan. Tana da daɗi, don mun saba cewa atamfa ta zuba. Sai dai zanen da ya zuba ai mara kyau ne, ɗan jabu, kuma "zubewa" a maganar jiki takan kai tunanin Bahaushe ga zubewar yatsu, mun koma gidan jiya ke nan. "Koɗewar fata" kuma ta masu bilicin ce, za a ce ita ta jawo wa kanta da mai. Wadda ta fi kwanta mini ita ce "gushewar launin fata". Ba zagi a cikinta, ba zargi. Illarta tsawo: bayani ne, ba suna ba. Ba wanda zai ce "ranar masu gushewar launin fata ta duniya" sau biyu a rediyo bai gaji ba.

Game da hukuncin aure, wannan na malaman fiƙihu ne da likitoci su zauna a kai, ba na mai fassara ba. Amma a ganina canza suna ba zai ɓoye farin da ke kan fuskar yarinya ba. In muka guje wa albaras, mutanen gari ba za su koma "gushewar launi" ba, kuturta za su ci gaba da cewa. Gara mu ɗauki kalmar da suka sani mu yi mata wanka.

Kuma suna daidai shi ke kai mutum layin da ya dace a asibiti, wajen likitan fata. Magani yana nan, ko da yake yana son haƙuri na watanni, kuma ba kowa launinsa ke dawowa duka ba. Akwai man shafawa na sitiroid bisa ƙa'idar likita, akwai wani man shafawar mai suna takrolimus da ake so a fuska, akwai haska fata da wani haske na musamman sau 2 ko 3 a mako. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da man Opzelura ga masu shekara 12 zuwa sama. In farin ya tsaya ya daina yaɗuwa, ana iya dasa fata. Fuska ta fi saurin amsa magani, yatsu da leɓe sun fi taurin kai. Sannan a kiyaye wurin daga rana, don ba shi da sauran kariya, ranar Afrilu a Sakkwato kuwa ba ta wasa.

Ita ranar 25 ga Yuni ma a Legas aka fara bikinta, a 2011, da ƙoƙarin Ogo Maduewesi, wata 'yar Najeriya mai wannan larura. An zaɓi ranar ce don a ita Michael Jackson ya rasu a 2009, mutumin da aka shekara da shekaru ana cewa ya ƙi baƙar fatarsa, har binciken gawarsa ya tabbatar yana da larurar.

Ga abin da na rubuta a layin farko, na tura: "Albaras, wato gushewar launin fata, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarta." Shi mai larurar na kira shi "mai albaras". 'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce ita dai a ɗakin duba marasa lafiya da rabin na biyu za ta riƙa farawa, sai ta ga fuskar uwar yarinya ta saki kafin ta ambaci na farkon. Na ce mata hakan ma ya yi.