Kyanwata na da ciwon suga, an ce ni zan riƙa yi mata allura

'Yar Gwammaja:
Salam jama'a, dan Allah ku taimaka min da shawara. Kyanwata ta rame sai shan ruwa da fitsari, likitan dabbobi ya gwada jininta ya ce suga ne, zan riƙa yi mata allurar insulin, wato maganin suga, sau 2 a rana. Ya nuna min a asibiti amma jiya da na ɗauki sirinji hannuna sai rawa yake, ita kuma ta shige ƙarƙashin gado, wallahi har kuka na yi.

Maman Biyu:
Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Nima haka na fara, da lemo na koya ina tsira masa ruwa har hannuna ya saba. Ki bari sai tana cin abinci, ki ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta da yatsu biyu ki soka a ƙarƙashin fatar ba cikin tsoka ba, allurar siririya ce tawa ko juyowa ba ta yi. Kullum sabuwar allura.

Ɗan Hotoro:
Hajiya ki duba sirinjin da kyau, akwai U-40 akwai U-100, wato ma'aunin ƙarfin insulin, dole ya dace da wanda ke rubuce a jikin kwalbar maganin. A firji ake ajiye maganin banda firiza, in an ɗauke wuta ki sa shi a cikin kula mai ƙanƙara amma kar ƙanƙarar ta taɓa kwalbar. In kyanwar ta ƙi cin abinci ki kira likita kafin ki yi mata allurar. In kin ga tana tangaɗi, wataƙila suganta ne ya yi ƙasa, ki shafa mata zuma a dasashi ki kai ta asibiti da sauri.

'Yar Gwammaja:
Na gode sosai, yanzu zan aika a siyo min lemon.