"Gani ya kori ji": har a kimiyya ma haka abin yake?

Ɗan Kawo:
Salam jama'a. Ni fa ina ganin tarihin kimiyya kaf yana cikin karin maganar nan. Shekara da shekaru likitoci na cewa damuwa da yawan asid ne ke kawo olsa, kowa daga bakin malaminsa ya ji, sai wasu likitoci biyu a Ostareliya, Marshall da Warren, suka ga ƙwayar cuta a tumbin majinyata suka ce ita ce sanadi, aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa cikinsa ya ruɗe, 2005 sai ga kyautar Nobel an ba su. To gani ya kori ji ko bai kora ba?

Malamin Rigasa:
A hankali ƙanina. Fito ka tsaya kan gadar Kawo da sassafe, me idonka zai gaya maka? Rana na tafiya, ƙasa na zaune daram. Wannan gani ne fa tsagwaronsa, kuma shi ya riƙe masana sama da shekara 1000 a kan tsarin Batlimus, masanin taurari na da da ya ce rana ce ke zagaya ƙasa, har Kofanikus ya fitar da nasa lissafin a 1543 ya ce ƙasa ce ke zagaya rana. A nan ido ne ya yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Ƴar Barnawa:
Malam Allah ya ƙara basira, amma ai ba ji ne ya gyara kuskuren ba. Galileo ya ɗora ido a madubin hangen nesa a 1610 ya ga watanni huɗu irin namu na sama suna zagaya duniyar Mushtari (Jupiter), ashe ba komai ke zagaya mu ba. Gani ne ya kori gani.

Baba na Tudun Wada:
Yaran nan kuna ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Mu dai yadda muka taso muka ji ana faɗinta shi ne in an ta kururuta maka abu, gona ko amarya ko wani gari, ka taka ka je da ƙafarka, sai ka ce yau gani ya kori ji. Ba wanda ya ce ido ba ya kuskure.

Ɗan Kawo:
Baba ran ka ya daɗe, ai takawar nan ita nake nufi. Ibnul Haisam a Alƙahira wajen shekara 1000 da suka wuce bai tsaya kan an ce haske daga ido yake fita ba, gwaji ya yi ya nuna shiga yake yi.

Malamin Rigasa:
To ni tambayata, mu nan waye ya taɓa ganin ƙwayar maleriya? Duk ji muka yi a aji, kamar yadda na da suka ji cewa gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo ta.

Ƴar Barnawa:
Ni na gani Malam, aikina kenan a lab, kullum sai na shafa jini a gilashi na leƙa, kuma wlh in ka zo zan matsa maka ka leƙa da kanka. Abin da likita Laveran ya gani a Aljeriya a 1880 shi nake gani yau, Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Jin da za ka iya zuwa ka bincika daban yake da wanda aka ce ka haɗiye kawai.

Malamin Rigasa:
Wannan kam na karɓa ƙanwata. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne a ce sabo na share tsoho gaba ɗaya. A husufin rana na 1919 Eddington ya je tsibirin Principe, nan kudu da mu cikin teku, ya auna yadda hasken taurari ke lanƙwasa kusa da rana, aka ce sabon lissafin Einstein ya fi tsohon na Newton daidai. Amma gobe da safe dokokin Newton na 1687 zan koyar a SS1, kuma da su injiniya zai yi lissafin gadar da za ku bi ku tafi aiki.