Addu'ata ta koma kamar ina magana da bango

Mai tambaya, Sabon Tasha: Gaisuwa cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwa. Na ɓoye sunana don akwai 'yan cocinmu a nan. A Disamba aka yi mana taron farkawa na kwana uku. Na yi kuka, na fita gaba, na dawo gida ina ji ko dutse ne ya tare ni zan ture shi. Ba a yi wata biyu ba aka sallami maigidana daga aiki, autanmu ya kwanta ciwo, mai gidan da muke haya kuma ya ƙara kuɗi. Yanzu in na durƙusa, leɓena ne kawai ke motsi. Ranar Lahadi ina ɗaura zanen Zumuntar Mata in yi waƙa da kowa, amma zuciyar a bushe take. Ja da baya na yi ne, ko kuwa abin da na ji a Disamba dama zumuɗi ne kawai?

Wani matashi, Narayi: Anti, Shaiɗan ne ke kishin albarkarki. Ki shiga azumin kwana bakwai, ki riƙa zuwa addu'ar dare, wutar za ta dawo.

Wani dattijon ikilisiya, Kakuri: Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma ka sassauta mata. 'Yata, buɗe 1 Sarakuna 18 da 19 ki karanta su a haɗe. Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450. Saƙon barazana ɗaya daga Sarauniya Yezebel ya sa ya tsere jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Me Allah ya yi masa? Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka yi masa magana, ita ma ba cikin iska ko girgizar ƙasa ko wuta ba, a hankali. Ni, lokacin da masaƙun Kakuri suka rufe, shekara biyu na yi ina zuwa sujada ba na jin komai, ga 'ya'ya biyar. Kunya ma ta hana ni zama kusa da akwatin baiko. Na dai ci gaba da zuwa, kuma ban iya nuna miki ranar da abin ya sake ni ba.

Wata uwa, Barnawa: Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mai jinyar yaro da dare ba ta azumin kwana bakwai, don Allah. Kina barci kuwa? Kina cin abinci? In kin daɗe ba kya iya ko ɗaya, ki faɗa wa likitan da ke duba yaron, ba rashin bangaskiya ba ne. Sannan ki samu uwar zumuntarku ki gaya mata gaskiya. Mu ne za mu ga kina waƙa mu ɗauka lafiya kike, alhali da mun sani da ko mudun masara an kai miki.

Wata malamar Makarantar Lahadi, Romi: In kalmomi sun ƙare, ki ari na Zabura 88. Daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ma ta rufe, amma aka bar ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ki karanta ta da ƙarfi, ta zama addu'arki ta yau.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode Mama. Ban taɓa haɗa surorin nan biyu ba. Gaya wa uwar zumunta ne ke mini nauyi, don mijinta da maigidana tare suke a ƙungiyar maza. Zan dai jira a tashi taron Alhamis, in kowa ya watse in tsaya.